Amsa ga Malam: Yadda Mutanen Tsibirin Man Suke Ji da Cavendish

Malam,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya tare da iyali. Tambayar da kuka aiko wa shirin wasanni na rediyo ranar da aka sa ni a layi ta iso kunnena, sai dai mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Tunda a bainar jama'a kuka yi ta, ya dace amsar ma ta fito fili. Ga waɗanda ba su saurara ba, Malam cewa ya yi: tunda ina zaune ina aikin jinya a Tsibirin Man, mahaifar shahararren ɗan tseren keke Mark Cavendish, shin gaskiya ne mutanen wurin ba su ɗauke shi a bakin komai ba, alhali duniya na ta yi masa kirari? Kuma shin shi ne ya sa hawan keke ya samu karɓuwa a can? Malam ya haɗa da karin maganar nan ta "ido wa ka raina, wanda nake gani kullum."

Ba su raina shi ba, Malam. Suna ji da shi ƙwarai, amma irin jin da ake yi da ɗan gida, wanda aka san iyayensa, aka san makarantar da ya yi. Keke kuwa ya riga shi samun gindin zama a tsibirin da shekaru masu yawa.

Sai an san ƙanƙantar wurin za a gane halin mutanensa. Tsibirin Man yana tsakiyar teku ne tsakanin Ingila da Ailan, faɗinsa murabba'in kilomita 572, mutanensa kuma a ƙidayar 2021 dubu 84 ne da 'yan kai. Yana ƙarƙashin sarautar Birtaniya amma ba ya cikin Tarayyar Birtaniya, yana da majalisarsa ta Tynwald, da tutarsa mai ƙafafu uku. A wuri irin wannan ba wanda yake baƙon wani. Cavendish, wanda aka haifa a Douglas a 1985, ya yi aiki a banki bayan ya gama sakandare yana tara kuɗin da zai shiga tsere da su, don haka har yau akwai dattawan da za su ce maka shi ya taɓa ƙirga musu kuɗi a kan kanta.

Abin da yaron bankin nan ya yi daga baya ba ƙarami ba ne. Sana'arsa gudun ƙarshe. A yini ɗaya, wato zango ɗaya, na gasar Tour de France, babban tseren keke na Faransa, ana iya shafe kilomita 180 a kan keke, abokan ƙungiyarsa suna gabansa suna tare masa iska, suna janye shi cikin cunkoson mahaya kusan 170. Sai an zo mita 200 ko 300 na ƙarshe na gabansa zai kauce, shi kuma ya kwanta a kan keken ya fizga da gudun da ke kaiwa kilomita 70 a awa, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ya ci zango huɗu a 2008, shida a 2009, biyar a 2010, biyar a 2011. A 2011 ɗin ya ɗauki koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki a gasar, ya zama zakaran duniya a Copenhagen, masu kallon BBC kuma suka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan shekara. Daga 2017 cutar Epstein-Barr ta kwantar da shi, ciwon damuwa ya biyo baya, masana da yawa suka ce tasa ta ƙare. Ya dawo a 2021 ya kamo Eddy Merckx na Beljiyam, wanda ya fi kowa cin zango a tarihin gasar, a zango 34. A 2023 ya faɗi ya karye a kafaɗa a shekarar da ya ce ita ce ta ban kwana, sai ya fasa ajiye keken. Ranar 3 ga Yuli 2024, a Saint-Vulbas, yana da shekara 39, ya ci na 35. (Kwana biyu kafin nan Biniam Girmay na Eritiriya ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a gasar, don haka ni makon nan murna biyu na yi.)

Ranar Larabar nan ina wurin aiki. Akwai talabijin a ɗakin shan shayin ma'aikata, kuma tun ana saura kilomita biyar mutane suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, har da mai goge-goge da tsummansa a hannu. Da ya tsallake layi aka yi sowa sau ɗaya, mai ƙarfi. Wata babbar ma'aikaciya da ban taɓa ganin ta nuna abin da ke ranta ba ta cire tabarau ta goge ido da bayan hannu. Bayan minti kaɗan kowa ya koma bakin aikinsa. Ba a fita titi ana buga ham ba, ba a rufe shago ba. Wanda ya sauka daga jirgi a wannan yammacin zai iya cewa ba abin da ya faru. Amma har mako ya zagayo, duk mara lafiyar da na je auna wa jini sai ya tambaye ni ko na gani, kuma kowa yana da nasa ɗan labarin: wannan ɗansa ya yi tsere da shi suna yara, waccan ta sha ganinsa yana wucewa ta ƙofar gonarsu cikin ruwan sama.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai ƙamshin gaskiya a abin da kuka ji. Su kansu mutanen Man suna ba da labarin ƙaguwarsu, wai ba a bukatar rufe bokitin da aka zuba ta, domin duk wadda ta yi yunƙurin fita, sauran za su janyo ta ƙasa. Da kansu suke, kuma sun san halin yana nan. Mutane ne masu kawaici, ba sa son mai cika baki. Cavendish kuwa a ƙuruciyarsa bakinsa ba linzami. Yakan faɗi fili cewa ya fi kowa gudu, yakan yi faɗa da 'yan jarida, a 2010 ma ƙungiyarsa ta janye shi daga Tour de Romandie saboda alamar zagi da ya yi da yatsu bayan ya ci tsere. Na sha jin masu shekaru suna cewa a wancan lokacin sun fi son gudunsa a kan bakinsa. Wasu kuma sun yi ƙorafin ya koma zama Italiya da Ingila. Sai dai na lura da abu ɗaya: wannan magana a tsakaninsu suke yin ta. Da zarar ɗan Ingila ya sa baki ya kushe shi, ko jarida ta kira shi ɗan Ingila, nan take za ka ga an haɗa kai.

Abin da ya wanke shi a idonsu, a ganina, shi ne bai taɓa jin kunyar tutarsu ba. A gasar Olamfik dole sai da rigar Birtaniya, amma a gasar ƙasashen Kwamanwel tsibirin da kansa yake shiga. Ya ci musu zinare a Melbourne a 2006. Ya je Delhi a 2010 lokacin da sunansa ya cika duniya, ya sake sa rigarsu a 2022, tare da samarin da ba a san su a wajen tsibirin ba. Kuma shekarun rashin lafiya sun sauya yadda ake maganarsa. Mutanen da suka ga girman kai a da sun ga mutum ya faɗi ƙasa warwas ya tashi, sai zukata suka yi laushi. Da Sarki Charles ya ba shi lambar girma ta Sir a 2024, ban ji wanda ya ce bai cancanta ba.

Sashe na biyu na tambayarku ya fi ba ni sha'awa, domin a nan ne 'yan waje suke kuskure. Tun a 1936 aka fara tseren keke na Manx International a kan hanyar da babura ke tsere. Manyan duniya irin su Fausto Coppi da Jacques Anquetil da Merckx kansa sun zo sun yi tsere a tsibirin. Millie Robinson, wadda daga nan ta fito, ita ta ci tseren mata na Faransa a 1955. Peter Buckley ya ci zinaren Kwamanwel a Kingston ta Jamaika a 1966. Steve Joughin, shi ma gajere mai gudun ƙarshe, ya zama zakaran Birtaniya a 1984 da 1988. Ƙasar kanta makaranta ce: hawa da gangara, iska daga teku ta kowace fuska, ruwan sama, da Dutsen Snaefell mai tsayin mita 620. Yaron da ya saba da wannan, hanyoyin Faransa ba za su firgita shi ba.

Amma asalin gidan da ya fito shi ne gasar yara da Dot Tilbury da 'yan sa kai suka daɗe suna gudanarwa a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Douglas. Da za ku zo, Malam, nan zan fara kai ku kafin ko'ina. Yammacin Talata ne, a watannin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Motoci na sauke yara, iyaye na durƙushe suna maƙala musu lamba a bayan riga da fil, suna gyara igiyar hular kwano. Akwai ƙananan da ƙafarsu da ƙyar take kai feda, wasu ma keken ba shi da feda, da ƙafa suke tura shi. Wani uba na gefe da famfo yana ba tayar ɗan da ba nasa ba iska. Ana kiran rukuni rukuni bisa shekaru, a busa usur, su zabura, kuma na ƙarshe yana samun tafi kamar na farko. Cavendish ya faɗa da bakinsa cewa da keken BMX ya fara zuwa nan, kuma shi yake zuwa na ƙarshe. A wannan fili Peter Kennaugh ya taso, wanda ya ci zinaren Olamfik a Landan a 2012, zinaren farko da ɗan tsibirin ya ci cikin shekara ɗari, har aka shafa wa akwatin gidan waya fentin zinare a Onchan dominsa. Yanzu hanyar tseren filin sunan Cavendish take amsawa.

To, ga inda nasararsa ta yi aiki. Ba shi ya kawo keke ba, amma shi ya sa uban da ba ruwansa da tsere ya yarda cewa wannan abu zai iya zama sana'a. Yara kan taru da ɗaruruwa a daren Talata, 'yan mata sun yawaita, kuma ƙaramin tsibiri ya ci gaba da fitar da ƙwararru irin su Mark Christian da Lizzie Holden. A 2017 a nan aka yi gasar zakarun Birtaniya ta kan hanya. In kuna neman inda mutanen Man suke ajiye alfaharinsu da shi, a wannan filin yake.

Kada dai ku ɗauka keke ne sarki a nan. Sarauta ta babur ce. Tun 1907 ake tseren TT, kuma mako biyu a ƙarshen Mayu da farkon Yuni tsibirin kan cika da baƙi dubun dubata, a rufe hanya mai tsawon kilomita 60, babura su zagaye ta da matsakaicin gudun da ya haura kilomita 200 a awa. A lokacin ma hana keke hawa hanyar dutse ake yi. Kuma alfahari da Cavendish bai hana direba jin haushin mahaya biyu da suka jera a gabansa a siririyar hanyar ƙauye ba. Wannan cece-kuce ba ya ƙarewa a jaridun gari. Wasu hanyoyin bayan gari ba su da iyakar gudu ko kaɗan, shi ya sa iyaye da yawa suke yarda ɗansu ya yi tsere a rufaffen fili amma ba sa barinsa ya hau keke zuwa makaranta. Yawancin ma'aikata da mota suke zuwa aiki. Keke a nan wasa ne da motsa jiki, sabanin yadda muka san shi a gida, abin zuwa gona da kasuwa.

Inda nake ganin laifin tsibirin daban ne da inda kuka zata. Mutumin nan ya ci kambun duniya sau uku a tseren cikin zaure na mahaya biyu-biyu da ake kira Madison, a 2005 da 2008 da 2016, ya ci azurfar Olamfik a Rio, duk a kan da'irar katako. Kennaugh ma a kanta ya ci nasa zinaren. Amma tsibirin ba shi da irin wannan zaure. Yaron da ya nuna baiwa dole iyayensa su biya kuɗin jirgin ruwa zuwa Heysham ko Liverpool, su kama hanyar Manchester, su biya masauki, su dawo, kuma in teku ta yi fushi a hunturu a soke tafiyar. Mai hali zai iya, ɗan mai ƙaramin albashi kuwa sau da yawa a nan yake tsayawa. Na san amsar da ake bayarwa, cewa mutum dubu 84 ba za su iya ɗaukar nauyin gini irin wannan ba, kuma ba amsar banza ba ce. Duk da haka, ko ba a gina zaure ba, ɗaukar nauyin tafiyar waɗannan yara bai fi ƙarfin gwamnatin da take kashe kuɗi mai yawa kowace shekara a kan TT ba, kuma shi ne abin da nake faɗa wa duk ɗan majalisar da ya ƙwanƙwasa mini ƙofa lokacin zaɓe.

A gaida mutanen gida. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.

Ɗalibinku,
daga Douglas