Don Allah a daina ce wa tumbi arziki

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan tumbi, don abin da ya samu yayana ya tsaya min a rai.

Shekara da shekaru duk wanda ya gan shi sai ya ce Alhaji an samu duniya, ciki ya fito, riga ta zauna. Bayan wuyansa kuwa ya yi baƙi kamar an shafa gawayi, matarsa ta yi ta dirza da soso da sabulu wai dauɗa ce, ashe ba dauɗa ba ce, likita na gani ya ce alama ce jiki ya fara ƙin jin maganar insulin, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya shigar cikin tsoka, aka ɗebi jini aka gwada sai ga suga ya hau.

Mu a tunaninmu kitse ajiya ce kawai kamar hatsi a rumbu. To ba haka ba ne, kitse yana zuba sinadaransa cikin jini yana aika saƙo. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano leptin, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ajiya ta isa a rage ci. Mai ƙiba yana da leptin da yawa amma ƙwaƙwalwarsa ta toshe kunne, ya ci ya ƙara bai ji ƙoshi ba, mu kuma muna gefe muna ce masa acici, wallahi ba mu kyauta ba. Akwai kuma adifonektin, wannan shi ne na kirki, yana taimaka wa tsoka da hanta su saurari insulin, sai dai tumbi na ƙaruwa shi yana raguwa. Kitsen da ya nannaɗe hanji ya fi kowanne sharri don abin da yake fitarwa hanta yake nufa kai tsaye, fankiriyas, wato gaɓar cikin ciki da ke samar da insulin, ta yi ta ƙaro shi ta yi ta ƙarowa har ta gaji, daga nan sai ciwon suga.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne 'yan matanmu da amare masu zuwa kemis sayen sha ka fashe don su ciko, irin su dexamethasone fa suna tara kitse a ciki su kuma hau da suga.

Likitan ya ce mu auna tsakiyar ciki da tef ɗin tela, namiji in ya kai santimita 94, mace 80, a je a gwada jini. Kuma wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna masu haɗarin suga da suka ɗan rage nauyi da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ina roƙonka ku kawo wannan a shafin lafiya.

Yanzu yayana yana takawa bayan sallar asuba, ya bar lemon kwalba, riguna sun fara yi masa yawa, amma kullum sai wani ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce Alhaji lafiya kuwa, ko kasuwa ce ta karye? Wannan tambayar ita ke karya masa gwiwa.

Naku,
wata mai karatu daga Zariya