Wasiƙa zuwa ga abokina, kan bahagon nan Jimi Hendrix

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya sanyin can, ya karatu? Nan dai kowa lafiya lau, Umma ma jiya sai da ta tambaye ni yaushe za ka zo hutu. Sana'ar tamu ta hayar lasifika tana nan tana tafiya Alhamdulillah, watan nan bukukuwa sun yi yawa shi ya sa ban amsa maka da wuri ba, ka yi haƙuri.

Maganar da ka faɗa kan bidiyon da na turo maka ce ta tsaya min a rai, ka ce wai hayaniya ce kawai, mutum ya sha ƙwaya yana azabtar da jita. Wallahi ban yarda ba, kuma bari na faɗa maka dalili ta ɓangaren da na sani. Ka san ƙarar nan kiiii da lasifika ke yi in makirfo ya matso kusa da ita, wadda ke sa mata toshe kunne a wajen biki? Sautin ne ke fita daga lasifika ya koma ciki ya sake fitowa yana ta zagaye yana ƙaruwa, kuma duk mai aikinmu da gudu yake zuwa ya kashe ta. To shi Jimi Hendrix wannan ƙarar ya kama ya hore ta kamar doki. Sai ya ƙure amfilifayarsa ta Marshall, ya matsa kusa da ita har sautin ya dinga girgiza tsirkiyar jitar da kansa, ya ɗan juya jiki kukan ya sauya, ya ja baya ya lafa, yana sane da inda zai tsaya da lokacin da zai saki. Na sha gwada riƙe ƙarar nan a kan murya ɗaya a shago in babu kowa, abu ne mai wuyar gaske, shi kuwa waƙa yake rerawa da ita.

Kuma ba daga sama abin ya faɗo masa ba. A Seattle aka haife shi ranar 27 ga Nuwamba 1942, gidan talakawa ne baƙaƙen fata, iyayen ba zaman lafiya har suka rabu, mahaifiyarsa Lucille ta rasu a 1958 yana ɗan shekara 15. Tun yana firamare tsintsiya yake riƙewa yana kaɗawa kamar jita, daga baya ya tsinci wata ƴar ƙaramar jita mai tsirkiya ɗaya tal a cikin tarkace yana bin waƙoƙin rediyo da ita, sannan aka samo masa ta gaske a kan dala 5. Babu malami, bai taɓa iya karanta rubutun kiɗa ba har ya mutu, kunne ne kawai. Ga shi bahago, kai ma ka san yadda ake yi wa bahago a gidajenmu, to shi ma babansa bai so ba. Jitar masu dama yake ɗauka ya kifa ta ya sake jera tsirkiyoyin, in ka duba hotonsa da kyau za ka ga jitarsa ƙirar Stratocaster a juye take.

Ya shiga soja a 1961, rundunar masu dira da laima, bai wuce shekara ɗaya da ɗan wani abu ba ya fito. Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da na fi so kuma shi ne mutane ba sa ba da labari. Wajen shekara huɗu yana yaron wasu, yana bin mota daga gari zuwa gari a kudancin Amurka a gidajen rawa na baƙaƙe, lokacin wariyar launin fata tana nan da ranta, wani gidan abincin ma ba za a sayar maka ba. Ya yi wa Isley Brothers kiɗa, ya yi wa Little Richard, a ba shi kaya iri ɗaya da na sauran a ce ya tsaya a baya kar ya fi maigida haske, wani lokacin a riƙe kuɗinsa, wani lokacin yunwa ta sa ya kai jitar jingina. A can ya koyi kiɗan bulus (blues) na baƙaƙen Amurka da kiɗan rawa har suka zauna masa a hannu, saboda haka duk ƙarar nan da kake ji akwai tsari a ƙarƙashinta, ka saurari waƙoƙinsa masu sanyi ka ji laushin hannu.

A wani ɗan kulob a New York Chas Chandler, wani makaɗin Ingila da ya zama manajansa, ya gan shi a 1966, ya ɗauke shi zuwa Landan a watan Satumba, aka haɗa shi da turawa biyu, Noel Redding da mai ganga Mitch Mitchell. Cikin ƴan watanni manyan makaɗan Ingila irin su Eric Clapton suna zuwa su zauna su zuba masa ido. Abin tausayi sai da Ingila ta yaba shi sannan ƙasarsa ta waiwaye shi, a bikin Monterey na watan Yunin 1967 inda ya cinna wa jitarsa wuta a kan dandamali. Gaskiya ni wannan ƙona jitar ba ta burge ni ba, kuma ina ganin ta cuce shi, don daga nan mutane suka dinga biyan kuɗi su ga wasa da haƙori da wuta, shi kuma ransa yana situdiyo.

Lokacin ne ake yayin kiɗan rok da suke kira saikedelik, wato kiɗan da ke kwaikwayon juyawar hankali, sauti ya miƙe ya lanƙwashe ya yi amsa kuwwa. Ba zan ɓoye maka ba, ƙwaya tana cikin al'adar wannan zamanin kuma shi ma ya sha. Amma dubban mutane sun sha irinta ba wanda ya fitar da Electric Ladyland, albam ɗinsa na 1968 da ya hau na ɗaya a Amurka, wanda sai ya maimaita waƙa ɗaya sau barkatai yana neman wani sauti da yake ji a kansa har Chandler ya gaji ya tafi.

Bidiyon da na turo maka na bikin kiɗan Woodstock ne a Amurka, safiyar Litinin 18 ga Agusta 1969, yawancin jama'a sun riga sun watse sai laka da shara. Taken ƙasar Amurka yake kaɗawa, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, tsohon soja ne fa, kuma a tsakiyar taken sai ka ji kamar jirgi ya sako bam, ka ji jiniya, ka ji ihun mutane, sannan ya dawo kan taken daidai inda ya bari. Duk wannan da jita ɗaya ya yi shi. Ranar da na fara ji tsigar jikina sai da ta tashi.

Ya gina situdiyonsa na kansa a New York, Electric Lady, aka buɗe a Agustan 1970, bai ci moriyarsa ba. Ranar 18 ga Satumba 1970 ya rasu a Landan bayan ya sha maganin barci fiye da kima, amai ya shaƙe shi. Shekara 27. Daga saukarsa Landan zuwa mutuwarsa shekara huɗu ce ba ta ma cika ba, kuma duk lokacin da na ga yaran unguwarmu da ƙwaya ta kama sai na tuna ƙarshen nan, raina ya ɓaci.

Af, ka san Mdou Moctar na Nijar shi ma bahago ne, a Sakkwato ya ɗauki albam ɗinsa na farko a 2008, yanzu turawa suna kiransa Hendrix na Sahara. In ya zo wasa garinku dan Allah kar ka bari ya wuce ka.

Ka samu iyafis mai kyau ba lasifikar waya ba, ka sake kunna bidiyon da daddare in ka gama karatu, sai ka rubuto min abin da ka ji. Ka gaida mutanen ɗakinku, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Naka,
abokinka na shago