Ma'aikaci yana kallon abin da shugabansa ke yi

Ranka ya daɗe edita,

Assalamu alaikum. A kullum masu kiran waya a gidan rediyonku suna kuka da ƙananan ma'aikata: sakatariya ba ta zo da wuri, mai buga hatimi sai an ba shi na goro. Kukan gaskiya ne, amma ina roƙon a ɗaga ido a dubi masu manyan kujeru.

A wata ma'aikata nan Maradi na ga mutane sun cika benci tun ƙarfe takwas, har da wata tsohuwa da ta taso daga wajen Madarunfa da takardunta ƙulle cikin leda. Sai kusan sha ɗaya direkta ya iso, kuma motar gwamnati ta juya kai tsaye zuwa kasuwa cefanen gidansa. Duk ma'aikatan wurin suna gani. To, da wane baki zai tsawata wa sakatariyar da ta makara? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne matashin da ya fara aiki da kyakkyawar niyya: in ya ga mai gaskiya ana tura shi ƙauye, mai kai wa shugaba kaso ana ƙara masa girma, ba a daɗewa yake gane hanyar da ke ɓullewa.

Dattawanmu har yau suna ba da labarin Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, yadda yakan faɗa wa ofisoshi ba sanarwa ya ga wa ke kan kujerarsa. Mulkinsa na da tsanani, kuma ba komai nasa zan yaba ba, amma ma'aikata sun san shi kansa bai wasa da lokaci.

An kafa hukumar HALCIA a 2011, an kafa hukumar COLDEFF a 2023, duk don yaƙi da cin dukiyar ƙasa. Madalla. Sai dai hukuma tana zuwa ne bayan an yi ɓarna, ita kuwa ɗabi'a kullum safiya ake koyonta a ofis.

Ƴan kasuwa ma ban cire su ba. Alhajin da ke da tiya biyu, ta saye da ta sayarwa, yaron shagonsa ya riga ya koyi ha'inci, kuma wata rana a kan maigidan zai gwada. Haka mai kamfanin da ke biyan ƙasa da jika 42, mafi ƙarancin albashi tun 2024, ko ya riƙe haƙƙin ma'aikaci wata biyu, sannan yana mamakin kaya na ɓata.

Don Allah ku buɗe fili ku gayyato daraktocin jihar nan da shugabannin ƴan kasuwa, masu sauraro su tambaye su ƙarfe nawa suke zuwa aiki, kuma yaya suke zaɓen wanda za a ƙara wa girma.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Zariya, Maradi