Rahoton Ayyukan Shekara: Ziyarorin Ƙungiya Zuwa Gundumar Norfolk

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa membobi, ga rahoton abin da kwamitin gudanarwa ya aiwatar a shekarar da ta ƙare.

Tarurrukan wata-wata, da buɗa-baki a watan azumi, da ajin Hausa na yara duk sun gudana kamar yadda aka saba. Babban aikin bana shi ne cika ƙudurin taron bara, cewa a fitar da iyalanmu daga Landan su ga karkarar Ingila, domin da yawa daga cikin yaranmu ba su taɓa tsayawa a bakin gona ba. Kwamiti ya zaɓi gundumar Norfolk da ke gaɓar tekun gabashin ƙasar, aka kuma je ta sau biyu.

Tafiyar farko ta kwana biyu ce, a lokacin dogon hutun makarantu. Mun sauka a birnin Norwich, inda muka ga babbar majami'ar da aka fara ginawa a 1096, mai hasumiya ta mita 96, sannan muka haɗa azahar da la'asar a masallacin Ihsan. Daga nan muka shiga jirgin ruwa a Wroxham don zagaya tafkunan da ake kira Broads. An daɗe ana ɗauka halitta ce, sai a shekarun 1950 masaniyar tsirrai Joyce Lambert ta tabbatar da cewa ramuka ne da mutanen zamanin da suka haƙa, suna ciro wata baƙar ƙasa mai cin wuta don girki da jin ɗumi, daga baya ruwa ya cika su. Wani dattijonmu ya ce ai kududdufi ke nan, illa dai wannan an samu masu kula da shi.

Wurin da ya fi taɓa zukatan membobi shi ne ƙauyen Happisburgh. A bakin tekunsa ne aka gano sawun ƙafafun mutane a 2013, masu shekaru fiye da 800,000, kuma in ba a Afirka ba, ba a san waɗanda suka girme su ba. Amma abin da idonmu ya gani shi ne yadda teku ke cin gaɓa kowace shekara, har titi ya yanke a bakin gangare, gidajen da ke kansa a da babu su. Hasumiyar fitila mai ja da fari, wadda aka gina a 1790 don yi wa jiragen ruwa jagora, tana nan tsaye a tsakiyar gonaki. Waɗanda suka san yadda zaizayar ƙasa ke cinye unguwanni a gida sun daɗe a wurin suna magana da mazauna ƙauyen, kuma a ganin kwamiti wannan tsayuwar kaɗai ta biya wahalar tafiyar.

Washegari mun bi ta Cromer, garin da ya yi suna da ƙaguwa, muka wuce Holkham, inda aka yi mana bayanin tsarin juya shuka na shekara huɗu da ya ɗaukaka noman Norfolk: alkama, sai wata saiwa ta ciyar da dabbobi, sai sha'ir, sai ciyawar da ke mayar wa ƙasa ƙarfinta, kamar yadda wake ke yi wa gonar gero.

Tafiya ta biyu ta yini ɗaya ce, cikin hunturu, zuwa Horsey, inda dabbobin teku masu kama da ayu, waɗanda ake kira sil, ke fitowa kan yashi su haihu tsakanin Nuwamba da Janairu. Yara sun kiyaye umarnin masu gadin wurin na kada a kusance su.

Wajibi ne mu faɗi inda muka gaza. Motar da muka yi haya ta makara a tafiyar farko, dalilin da ya sa aka fasa zuwa Sandringham, gidan hutun iyalan sarautar Birtaniya. Abincin halal yana da wuyar samu da zarar an bar Norwich, guzurin da muka ɗauka kuwa bai wadatar ba. A Horsey iskar teku ta wahalar da wasu iyayenmu mata, laifin kuma namu ne da ba mu ja kunne kan kayan sanyi ba. Muna neman afuwa.

Kwamiti yana ba da shawarar a koma baɗi, a haɗa da Sandringham da ƙauyen Blakeney da ke bakin teku, a kuma naɗa mutum biyu su riƙe sha'anin abinci. Ma'aji zai gabatar da lissafin kuɗi bayan wannan rahoto, kuma ana roƙon waɗanda ake bin su kuɗin wata su biya kafin taro na gaba.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa