Wasiƙa zuwa ga aminina da ke Akara

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan sai godiya.

Dalilin wannan takarda shi ne wasu tsofaffin faya-fayi da suka hana ni sakat. Ka san gamelan, kiɗan mutanen Java na ƙasar Indonesiya, wanda ake yi da jerin ƙarafan tagulla da manyan faya-fayen ƙarfe masu amo da ake kira gong. To a 1976 wasu Amurkawa uku, Barbara Benary da Philip Corner da Daniel Goode, suka kafa ƙungiyar Gamelan Son of Lion a birnin New York. Benary ce ta ƙera kayan kiɗan da hannunta, da baƙin ƙarfe da gwangwanaye, har da marafan tayar mota. Kamfanin Folkways ya fitar da faifansu a 1979, yanzu kuwa yana ajiye a taskar cibiyar Smithsonian ta Amurka.

Abin da suke kaɗawa nasu ne, a salon nan na Amurka da ake ɗaukar ɗan guntun sauti a yi ta maimaitawa, yana sauyawa kaɗan-kaɗan har sai kunne ya farga. Salon ya zauna daram a kan gamelan, domin can ma makaɗa biyu kan raba bugu a tsakaninsu, wannan ya sa, wancan ya cike, kamar mata masu lugude.

Amma da na saurari ɗaukar sautin da masanin kiɗa Ba'amurke Robert Brown ya yi a fadar Paku Alaman ta birnin Yogyakarta da ke Java a 1971, sai na ji bambancin. A Java duk kiɗan tafiya yake yi zuwa ga babban gong. Kowa ya san inda za a sauka, mai ganga yana ja, yana sassautawa. Na New York lissafi ne ke jan su. Ina son duka biyun, sai dai na fadar ya fi ratsa ni, kuma raina yana sosuwa idan aka yabi ɗaliban aka manta da malamai irin su Pak Cokro. Shi ya jagoranci makaɗan wannan fada, ya koyar a Kalifoniya, mai tsara kiɗa Ba'amurke Lou Harrison ma a wurinsa ya yi karatu. Kiɗan makaɗan fadar ne aka sa a faifan zinariyar da kumbon Voyager ya tafi da shi a 1977.

Ga abin da ya shafe ka: Steve Reich, jigo a salon maimaitawa na Amurka, a Jami'ar Ghana da ke Legon ya koyi kiɗan ƙabilar Ewe a 1970, kafin ya koyi gamelan na tsibirin Bali. Don Allah idan ka sami sarari ka leƙa can, ka tambayo mini ko baƙo zai iya sauraron tsofaffin ɗaukar da suka adana.

Ka gaishe mini da Hajiya da sauran mutanen gida. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka