Amsa Ga Malam: Kafin Ku Buga Kalanda Ko Ku Haƙa Rijiya

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar da aka tashi zaman makoki a Birnin Kebbi ka miƙe a gaban jama'a ka ce abokan aikin marigayi sun tara kuɗi, wasu na son a buga kalanda da hotonsa, wasu na son rijiya, ka nemi mu da muka saba zaman rabon gado mu faɗi abin da ya fi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan. Duk wanda ya ga masinjoji da masu gadi na rububin ɗaukar makararsa ya san mutumin kirki aka rasa.

A ganinmu kalanda ta jira, rijiyar ma ta jira. Ku fara da bashi. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Sanarwar da ake yi a bakin kabari ba ta wadatarwa, domin masu binsa da yawa nauyi suke ji. Ku wakilta mutum biyu, ɗaya daga dangi, ɗaya daga ofis, su duba littafin mai shagon unguwa, da adashen ofis, da kuɗin takin damina, su rubuta suna da adadi da shaida. A shari'a daga dukiyarsa ake biya, bayan hidimar jana'iza, kafin wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, kafin gado. Amma idan kuka ɗauke masa, kun bi sawun Abu Ƙatada, wanda ya ɗauki bashin wani mamaci sannan Annabi (SAW) ya sallace shi, kuma rabon marayu bai ragu ba.

Abin da ya yi saura daga kuɗin da kuka tara, ku sani ba gado ba ne, kyauta ce daga hannunku. A nan ake yawan yin kuskure. Sai a miƙa ambulan ga babban wa a zaure ba tare da an faɗi na wane ne ba, ya haɗa da dukiyar mamaci, matar da ke takaba wata 4 da kwana 10 ta tashi da tumuni kawai. Ku faɗa a gaban shaidu biyu, ku rubuta: kaza na cefanen mai takaba ne, kaza na makarantar yara. Na makarantar kuwa ku riƙa biya zango-zango kuna karɓar rasit.

Akwai hidimar da ta fi ƙarfin dangi, ku kuma a tafin hannunku take. Tunda ma'aikacin tarayya ne, dokar fansho ta 2014 ta tanadar masa inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashinsa na shekara ba, ban da abin da ke asusun fanshonsa. Za a nemi takardar shaidar mutuwa, da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci idan bai bar rubutacciyar wasiyya ba. Abin da ke maƙalar da fayil sau da yawa shi ne saɓanin suna: Muhammad a banki, Mohammed a ofis. Ku jera takardun a kan tebur ɗaya ku gwada su harafi da harafi tun yanzu. Ku kuma fahimtar da dangi cewa wanda aka rubuta a takardun aikin marigayi a matsayin makusancinsa ba shi ne mai kuɗin ba, na magada ne duka.

Sai rijiya, kuma muna goyon bayanta, sadaka ce mai gudana. Idan a ƙauyensu za a yi, ku lura da ƙasa. Kewayen Birnin Kebbi da Argungu yashi ne da laka, ruwa bai cika wuya ba. Yankin Zuru da Yawuri dutse ne a ƙasa, tilas a fara awon ruwa kafin injin haƙa ya sauka, in ba haka ba a ƙare da busasshen rami. Famfon tuƙa-tuƙa kuma robobinsa na cinyewa, ƙaramin gyara ne, amma in babu mai alhaki sai a wayi gari awaki na kwana a gindinsa. Ku ware kuɗin gyara tun farko, ku damƙa wa mutum ɗaya a gaban mai gari da liman, ku rubuta sunansa a takardar da ku ma kuke riƙe da kwafinta.

Allah Ya ba ku lada, Ya raya abin da ya bari.

Wassalam,
'Yan'uwanka a Birnin Kebbi