Gaisuwar Sallah daga Landan

Assalamu alaikum Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. A gaishe min da Inna, a ce mata na yi tuwon shinkafa amma miyar taushe ta ƙi, kabewar nan ba irin tamu ba ce.

Mun yi Idi a wani ɗakin wasanni da aka yi haya, ana sallamewa kowa ya ruga wurin aiki. Ba hawa, ba algaita. A cikin bas na riƙa tuna wasu mawaƙa da wata abokiyar aikina ta ja ni kallo kafin azumi, Tallis Scholars. Wani Peter Phillips ne ya kafa su a Oksfod a 1973. Mutum goma ne kacal, maza da mata, ba ganga ba garaya, makogwaro kawai. Kuma ba waƙa da amshi ba ce irin tamu. Kowane rukuni da hanyarsa, wannan ya shigo, wancan ya biyo shi a baya, kamar zare a hannun masaƙi, amma ba wanda ya taka wani.

Sun rera na William Byrd, wanda ya rasu a 1623. Ɗan Katolika ne a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, lokacin da aka haramta ibadarsu a Ingila. Shi ya sa ya tsara waƙoƙin ibada na murya uku, huɗu da biyar, daidai mutanen da za su ɓuya a ɗaki guda. Yaya, nan jikina ya yi sanyi. Mu ba mai hana mu sallah, alhamdulillahi, amma na san yadda ibada take idan kun yi kaɗan a wuri.

Daga baya suka kawo na zamani, na Arvo Pärt ɗan Estoniya, haifaffen 1935. Nasa a hankali yake tafiya kamar amon ƙararrawa, shirun ma har ya so ya fi waƙar yawa. Gaskiya na ɗan yi gyangyaɗi, daga aikin dare na fito.

Kada ka gaya wa Baba Malam a tsohon coci aka yi waƙar, ni zan yi masa bayani da bakina. Ka ɗauko min muryar yara suna kabbara a hanyar Idi, ko ta minti ɗaya ce, ka turo ta WhatsApp. Goron Sallarsu yana cikin kuɗin da na aiko ranar Talata.

Ƙanwarka